Kukan jirgin da jikokinmu ba su ji ba

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce na kama wani yaro a ajina, a nan Madarumfa, yana wasa da wani abu a ƙarƙashin tebur. Da na karɓa sai na ga jirgin ƙasa ne na karan dawa, tarago uku an haɗa su da zare, ƙafafunsa murafen kwalba, a goshinsa kuma ya ɗaura ƙwan wata matacciyar tocila da batir. Na tambaye shi yadda jirgin ke kuka. Sai ya yi mini kukan babur. Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin na tuna kakana.

Kakana yana cikin waɗanda suka riƙa bin ayarin jakuna da raƙuma daga ƙasar Maradi zuwa Kano. In ya zauna hira da dare, yakan cika kumatunsa da iska ya yi mana numfashin kan jirgi: a hankali da farko, kamar mai ɗauke da kaya yana hawan tudu, sannan ya yi ta sauri har ya ƙare da dogon fito. Ya ce ranar da ya fara jin sa a tashar Kano, jakinsa ya watsar da kaya ya ruga. Wannan sautin ya zo mana gida a bakin mutum ɗaya, da ya rasu kuma ya tafi da abinsa.

Me ya haɗa mutumin Madarumfa da jirgin da bai taɓa ratsa garinsa ba? Gujiya ce ta haɗa su. Layin dogon da Turawan Ingila suka faro daga Baro, a bakin kogin Kwara, a zamanin Gwamna Girouard, ya iso Kano a 1911, aka buɗe zirga-zirga har Legas a 1912. Auduga Turawan suka sa rai za su riƙa kwasa don masaƙun ƙasarsu, amma manoma suka duba inda riba take, suka zaɓi gyaɗa. Daga nan Kano ta zama matattarar wannan ciniki, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, dalar gyaɗa ta tashi a kusa da layin dogo tana jiran tarago. Reshen Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya kai Nguru a 1930.

Mu a wannan ɓangaren muna ƙarƙashin Faransa, amma hanyar teku mafi kusa da gonakinmu ita ce ta Katsina da Kano. Saboda haka gujiyar da aka noma a ƙasar Maradi, kamfanonin Turawa da alhazan gari suka saya, galibi ta Kano ta bi ta hau jirgi. Sai a shekarun 1950 Faransawa suka shirya karkatar da wani kaso ta Parakou zuwa Kwatano. Kan jirgin da ya ja wannan kaya da kwal yake aiki, wanda ake haƙowa a Enugu. Ana hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙarafan da ke juya ƙafafu, sannan ya fice ta bututun hayaƙi da ƙarfi. Fitar tururin nan ita ce numfashin da kakana yake kwaikwayo. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara kawo masu aiki da man dizal, sannu a hankali masu tururi suka yi shiru. Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gujiya kuma suka durƙusar da cinikin kansa.

A Ingila da Jamus da Amurka ma jirgin tururi ya daina aikin yau da kullum tuntuni, sai dai su ba su yarda sautin ya ɓace ba. Suna da dattawa, har da likitoci da injiniyoyi, waɗanda abin sha'awarsu shi ne haɗa ƙananan jirage a kan tebur. Kamfanin Märklin na Jamus yana ƙera irin waɗannan tun 1891. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda suke kira HO, inda ake rage komai sau 87: kan jirgi mai tsawon mita 20 ya koma kimanin santimita 23. Wajen ƙarshen shekarun 1980 wani Bajamushe mai suna Bernd Lenz ya ɓullo da tsarin da aka sani yau da DCC. Ana saka wata 'yar na'ura, wadda ba ta fi farcen babban yatsa ba, a cikin kan jirgin. Layin dogon da kansa ke ɗauko wuta da umarni, kowane jirgi da lambarsa, na'urar ta karanta abin da aka aiko mata ta aikata. Ita ke kunna fitilar gaba, ta sa wani jan ƙwai ya riƙa ƙyaftawa kamar wutar murhun jirgi, ta kuma fitar da sauti ta wata 'yar lasifika da aka ɓoye a taragon kwal. Sautin kuwa na gaske ne, daga tsofaffin jiragen da suka adana aka naɗo shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suke wahala a kan ƙidaya. Kan jirgi mai silinda biyu yana numfashi sau huɗu a duk juyin ƙafa ɗaya. Mai haɗa ƙaramin jirgi yakan ɓata yamma guda yana daidaita na'urarsa har sai sautin ya faɗo daidai da juyin ƙafar, in ya zama uku ko biyar, a wurinsa aikin bai yi ba. Wato sun mayar da wasa hanyar adana tarihi, da lissafinsa da komai.

Mu fa? Yaranmu sun riga sun iya rabin aikin. Motar kara, motar langa-langa, motar gwangwani, ba wanda ya koya musu a aji. Abin da muke yi, mu malamai da iyaye, shi ne mu ƙwace mu tattake, mu ce shiririta ce. Ni ma niyyata ke nan a ranar, sai Allah ya sa na fasa. Washegari na sa jirgin a kan teburina muka yi darasi da shi. Na zana Legas, Zariya, Kano, Katsina, Jibiya da Maradi a allo, muka bi buhun gujiya daga gona har teku. Muka raba 2,000 da 87. Muka kafa ƙusa huɗu a jikin ƙafa ɗaya, muka ɗaura ɗan yankin roba yana taɓa su, kowane juyi ya ba da ƙara huɗu, yara suka lissafa na juyi goma da na ɗari. Muka haɗa ƙwai da batir da makunni, suka ga dalilin da ya sa fitila ke mutuwa in waya ta rabu. Sharaɗi biyu na kafa: ba mai kusantar wutar gida, kuma ƙananan batura masu kama da maɓalli a nisanta su daga ƙanne, domin haɗiye su na iya kisa.

Dalilin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira ba ce shi ne jirgi yana tafe. A watan Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maradi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ya karɓa, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Tsakanin Jibiya da Maradi kuwa ƙasar Madarumfa ce. Nijar ta ɗanɗana jiran jirgi a baya: an shimfiɗa layin Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, har yau bai zama hanyar sufurin jama'a ba. Saboda haka ba zan yi wa kowa alkawarin rana ba. Amma duk ranar da ya iso, zai buƙaci masu gyaran wuta, masu kula da sigina, masu walda da direbobi. Ko dai 'ya'yanmu ne, ko kuwa a kawo wasu daga nesa, namu su tsaya bakin tasha suna tallar ruwa.

Roƙona ga iyaye shi ne, in akwai tsoho a gidanku da ya taɓa ganin jirgin kwal a Kano ko Zariya ko Ƙaura, ku zaunar da shi tun yana da rai, ku ɗauki muryarsa da waya, ku sa ya yi wa jikoki kukan jirgin. Malamai kuma, in kun kama jirgin kara a ƙarƙashin tebur, ku ɗora shi a kai. Yaron nan nawa yanzu tarago biyar gare shi, kuma in ya ja shi a tsakar makaranta, numfashi huɗu yake yi a kowane juyi, kamar yadda kakana yake yi mana.