Bututu da Ƙasar da ke Riƙe da Shi: Darasin Tarihi daga Ƙarƙashin Teku zuwa Gwarzo da Kabo

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi tarihin yadda masana suka gano cewa ƙarfin bututun da aka binne ya dogara ne a kan ƙasar da ke kewaye da shi, sa'an nan mu duba abin da wannan ke nufi ga ruwan sha a ƙasashen Gwarzo da Kabo.

A da, an ɗauka cewa ƙasan teku wuri ne da ba ya motsi. Abin da ya rushe wannan zato shi ne girgizar ƙasa ta ran 18 ga Nuwamba, 1929, a gabashin Kanada, inda wayoyin tangaraho 12 da ke shimfiɗe a teku suka tsinke, waɗansu nan take, waɗansu kuwa bayan sa'o'i. Sai a 1952 Heezen da Ewing suka bayyana dalili, watau laka da yashi ne suka zabtare, suka gangara kamar ambaliya, suna tsinka wayoyin bi da bi. Haka kuma a 1969 guguwar Camille ta motsa laka a bakin kogin Misisifi na Amurka, har ta kifar da dandamalin haƙar mai.

Bututu mai lanƙwasuwa kuwa ya yi suna ne a 1944, lokacin da aka shimfiɗa irinsa a teku don tura mai daga Ingila zuwa Faransa. Amfaninsa shi ne yakan bi ƙasa idan ta ɗan motsa. Amma lanƙwasuwa tana da iyaka. Idan igiyar ruwa ta kwashe yashin da ke ƙarƙashinsa, sai ya rataya ba matashi. Idan laka ta jiƙe ta saki, sai ya nutse ko ya taso. Idan kuwa ta turo shi daga gefe, sai ya miƙe har ya yage a gaɓa.

A kan tudu ma an kai ga wannan matsayi. A Ayowa ta Amurka, Marston ya lissafa nauyin da ƙasa ke ɗora wa bututu a rami a 1913, Spangler kuma ya nuna a 1941 cewa bututu mai taushi yana jingina ne da ƙasar gefensa. In an daddaɓe ta, ya tsaya. In an bar ta sakwa-sakwa, ya lotse.

To, mu dawo gida. Birnin Kano ya sami ruwan famfo daga kogin Challawa tun farkon shekarun 1930, amma ƙauyuka sun ci gaba da dogara ga rijiya da rafi. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, 1967 zuwa 1975, aka ɗauki gina madatsun ruwa da muhimmanci, farin 1972 zuwa 1974 kuma ya ƙara nuna bukatarsu. Yammacin jihar yana da madatsun Guzuguzu da Magaga da Pada da Kusalla, ga kuma babbar madatsar Challawa ta Ƙaraye da aka kammala a 1992. Sai dai ruwan madatsa ba ya isa gida sai ta bututu, bututun kuma dole ya ratsa gonaki da fadamu da kwazazzabai.

Nan ne darasin teku ya shafe mu. Ruwan Agusta yana zaizaye gaɓar kwazazzabo kamar yadda igiya ke kwashe yashi, ya bar bututu a rataye. Lakar fadama tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, tana jijjiga gaɓoɓi. Ɗibar yashi a rafi kuma tana zurfafa kwari har ta tono abin da aka binne. Kowace ɓula asara ce biyu: ruwa mai tsabta ya zube, gurɓatacce ya shiga sa'ad da famfo ya ɗauke.

Saboda haka muna ba da shawara uku. A binciki ƙasa kafin a ja layi. A zurfafa bututu a mashigin rafi, a kāre shi da duwatsu. A kuma riƙa zagaya layin bayan kowace damina, tare da dagatai da masu unguwanni, domin su ne suka san inda kwazazzabo yake shekaru goma da suka wuce, da inda ya kai yau.