Kwamfutar Haɗi: Daga IBM Zuwa Ɗakin Ƙanena a Taba



Ƙanena ne ya jawo rubutun nan. Da aka sayar da rake ya karɓi rabonsa, sai ya kawo mini takarda ɗauke da jerin kayan da zai saya ya haɗa kwamfutar buga gem da hannunsa: furosesa, madabod, RAM, katin hoto da akwati. Wai in duba masa, tunda na yi difloma. Na karanta sau biyu, ban ga inda ya ambaci wuta ba. Kafin in ba shi amsa sai na bi sawun abin, don in san yaushe ma mutum ya sami damar zaɓen kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya kamar mai cefane.

A shekarun 1970 yawancin kamfanoni kowa da nasa tsarin, kayan wannan ba ya shiga na wancan. A watan Agustan 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da tasa kwamfutar. Da yake sauri yake yi, bai tsaya ƙera komai da kansa ba: ya ɗauki furosesa 8088 daga Intel, manhajar DOS daga Microsoft, ya kuma buga littafin da ya bayyana yadda cikinta yake. Nan ya buɗe ƙofar da ya kasa rufewa. A 1983 Compaq ya fara sayar da mai aiki irin nata, wasu suka biyo baya. A 1995 Intel ya kawo ma'aunin ATX, wanda ya tsayar da girman madabod da inda ramukan noti za su zauna. Shi ya sa yau allon da aka ƙera a Taiwan yake zama daram a akwatin Sin.

Masu gem kuwa katin hoto ne sarkinsu, tun daga Voodoo na 3dfx a 1996 da GeForce 256 na Nvidia a 1999.

Mu dai a nan ba wasa ne ya kawo mana kwamfutar haɗi ba, neman abinci ne. Ana harhaɗa ta a titin Otigba da ke Ikeja a Legas, a ɗoro ta a mota zuwa shagunan buga takardu na Zariya da Kano, tun kafin Zinox ya fito da mai sunan gida a 2001. A irin shagunan nan aka buga littattafan yayyenmu marubuta da dama. Wanda ya taɓa riƙe tsohon littafi ya ga ƙugiyar ƙ da ɗ an ɗora ta da biro, ya san wahalar da aka sha, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da haruffan Rabi'at da Abdalla. (Mu da ke danna ɓ a waya ba tare da tunani ba, ya kamata mu riƙa tuna wannan.)

Abin da masu shagunan suka gane tun da wuri shi ne, NEPA ba ta da alƙawari. Mai hankali a cikinsu sitabilaiza da UPS yake fara saye, don wuta ɗaya in ta zo da ƙarfi ta ishi ta ƙone jarin shekara. Ga shi injin yau ya fi nasu ci nesa ba kusa ba. Katin da ƙanena ya rubuta, RTX 4090, ya fito a 2022 kan dala 1,599, shi kaɗai yana jan wat 450, Nvidia kuma ya ce a haɗa shi da fawa fak mai wat 850. Ƙaramin janareton gidanmu ko wat 1,000 bai kai ba. Batun farashi ma ban taɓo ba, kun san inda dala ta kai tun da aka saki naira a watan Yunin 2023.

Daren nan muka sake rubuta jerin. Inbata da batir da faifan sola suka hau sama, katin ya sauko zuwa matsakaici, fitilun adon akwati na soke su gaba ɗaya. Ya karɓi takardar ya ce, "Yaya, ai wannan ba ita ce nake mafarki ba." Yau kwana uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, amma jiya na ji shi a waya yana tambayar farashin batir a Sabon Garin Zariya.