Ɗaukar hoton tsuntsaye a Arewa: Wurare, lokuta da amfaninsa

Ɗaukar hoton tsuntsaye don sha'awa na nufin mutum ya riƙa bibiyar tsuntsayen gari da na daji da kyamara ko wayar hannu, ba tare da ya mayar da abin hanyar cin abinci ba. A Arewacin Najeriya hoto ya daɗe yana hannun masu shago, waɗanda ake kira ranar biki ko suna, ko a je wurinsu a ɗauki fasfo da hoton Sallah. Zuwan waya mai kyamara ne ya sanya ɗan kasuwa da ma'aikacin ofis suka fara ɗaukar abin da ya burge su da kansu.

Akasari ana farawa ne da abin da ba ya motsi: kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe, ko masa tana sauka daga tanda, ko faɗuwar rana a bayan kuka. A nan ake koyon darasin farko, wato haske ne ke gyara hoto ko ya ɓata shi. Abincin da aka ɗauka a bakin taga da hantsi ya fi wanda aka haska wa fitilar waya fitowa da ainihin launinsa. Tsuntsu kuwa mataki ne na gaba, kuma mafi wuya, domin ba ya jiran kowa.

Dalilin da ya sa hoton ke da nauyi

An tabbatar da samuwar tsuntsaye sama da nau'i 900 a Najeriya, sai dai wasu daga cikin waɗanda Bahaushe ya fi sani suna ɓacewa a gaban idon mutane. Duk wanda ya haura shekara 40 zai iya tuna yadda ungulu ke cika mayanka da bayan kasuwa. A yau akwai manyan garuruwan da za a shekara ba a ga ko ɗaya ba. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke fuskantar barazana a duniya, ta sanya ungulun gari a rukunin da ke dab da ƙarewa. Guba da farautarta don sayar da sassan jikinta ga masu tsubbu na cikin manyan dalilai.

Labarin gauraka ma haka yake. Tsuntsun da ake yi wa kallon tsuntsun ƙasa a Najeriya ya kusa ƙarewa a dazuzzuka da fadamun ƙasar, har ya zamana an fi ganinsa a tsakar gidajen masu hali da gidajen namun daji, inda aka kawo shi bayan an kamo shi daga wani wuri.

Abin lura shi ne, lokacin da waɗannan tsuntsaye ke da yawa, kusan babu wanda ya damu da ƙirga su ko ɗaukar hotonsu, saboda ana ganin ba za su taɓa ƙarewa ba. Shi ya sa yanzu masana ke dogaro da tunanin tsofaffi wajen sanin yadda abin yake a da. Hoton da aka san ranar da aka ɗauke shi da wurin da aka ɗauke shi yana toshe irin wannan giɓi. Ko da bai yi kyau ba, ko da tsuntsun ya fito ɗan mitsitsi a kan turken lantarki, ya zama shaida cewa a rana kaza an ga tsuntsu kaza a wuri kaza.

Fadamun Haɗejiya zuwa Nguru

Babu wurin da ya kai fadamun Haɗejiya zuwa Nguru suna a wannan fage a Arewa. Fadamun sun ratsa jihohin Jigawa da Yobe da wani yanki na Bauchi, a inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke bazuwa cikin tafkuna da ƙoramu kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa zuwa Tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Tafkin Dagona da ke Ƙaramar Hukumar Bade, da dausayin Baturiya a Jihar Jigawa, sun shiga jerin a 2008. Tun kafin nan ma sunan Dagona ya fita, musamman bayan da Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya kai ziyara wurin a 1989.

Abin da ya sa wurin ya zama haka a fili yake ga wanda ya dubi taswira. Tsuntsun da ya taso daga Turai ko Rasha yana gudun sanyi, idan ya tsallake Bahar Rum ya keta Sahara, waɗannan fadamu na cikin manyan ruwaye na farko da zai tarar. Baƙin sukan fara sauka daga wajen Oktoba, su yi zamansu har zuwa Maris. A cikinsu akwai ƙananan agwagin ruwa iri-iri, da farar shamuwa ta Turai, da wani tsuntsun gaɓar ruwa da Turawa ke kira Ruff, wanda kan sauka dubbai a gonakin shinkafa bayan girbi yana kala. Suna tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da jinjimi da balbela. Ƙidayar da aka riƙa yi a watan Janairu a tsakiyar shekarun 1990 ta sha haura tsuntsayen ruwa 200,000 a fadamun.

Sai dai fadamun na yau ba su ne na jiya ba. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya yadda ambaliya ke zuwa da janyewa. Maimakon ruwa ya cika da damina ya ja da baya da rani, sai wasu wurare suka koma jiƙe duk shekara, wasu kuma suka bushe. Ciyawar kachala ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Ita kuma kachalar ta zama mafakar jan-baki, tsuntsun da manoman shinkafa da gero ba sa ƙaunar ji ko gani. Saboda haka wanda ya je da kyamara ya dace ya san cewa ba kowa ne a bakin fadamar ke kallon tsuntsu da idon sha'awa ba. Ga manomin da ya wuni yana kaɗa gwangwani a gona, garken jan-baki da ya rufe sama asara ce tsantsa.

A nan ne hoton yanayin wuri ke shigowa. Wanda ya tsaya a kan gada ɗaya ko tudu ɗaya, ya ɗauki fuska ɗaya a wata ɗaya kowace shekara, bayan shekara biyar zai tara abin da zai nuna ko ruwa ya ja, ko kachala ta ƙaru, ko an sare itatuwan gaɓa.

Sauran wurare

A Jihar Filato akwai dajin Amurum, kimanin kilomita 15 daga Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, a ƙarƙashin Jami'ar Jos. A duwatsun wannan yanki ne ake samun wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu da ake kira Rock Firefinch, wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin nau'i mai zaman kansa. Akwai kuma wani tsuntsun da ke zuba ƙwansa a sheƙarsa ya bar masa reno, har yana kwaikwayon kukansa. A Jihar Bauchi, dajin Yankari da aka fi sani da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki yana da tsuntsaye ɗaruruwa.

Amma ba dole sai an yi tafiya ba. Makarantu masu tsofaffin itatuwa, da bakin madatsun ruwa, da kududdufan bayan gari, da lambunan rani, duk suna tara kurciya da hasbiya da cilakowa da ragon maza da alhudahuda. Shamuwa ma har cikin gari take zuwa. Takan iso gab da faɗuwar damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a manyan itatuwan ƙauye, sannan ta nufi kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Ranar da aka fara ganinta a kowace shekara abu ne da ya cancanci a rubuta.

Lokaci da kayan aiki

Daga bayan sallar Asuba zuwa hantsi, da kuma daga La'asar sakaliya zuwa gab da Magariba, su ne lokutan da tsuntsaye ke kiwo kuma haske ke da taushi. Ana so rana ta kasance a bayan mai ɗauka, in ba haka ba tsuntsun zai fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Matsalar ita ce lokacin baƙin tsuntsaye ya zo daidai da hunturu. Hazo yana dusashe launi, ƙura kuma tana shiga madubin kyamara, don haka canza madubi a fili ranar da iska ke kaɗawa ganganci ne.

Masu kyamara sukan nemi madubi mai zuƙowa na milimita 300 ko 400 zuwa sama. Don kama tsuntsu yana tashi ana buƙatar kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri. Mai waya kuwa zai iya ɗora idon wayar a kan tabaron hangen nesa, dabarar da ke fitar da hoton da ya isa a gane tsuntsu da shi. Zuƙowa da yatsa a fuskar waya yawanci faɗaɗa hoton kawai yake yi, ya bar shi dishi-dishi.

Kayan aiki mafi amfani dai tuni maharban ƙasar Hausa suka san shi. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, ya gane cewa dabba ba ta gudun abin da ta saba gani. Mai hoto ba ya buƙatar kan burtu, amma yana buƙatar tufafi marasa ɗaukar ido, da zama wuri ɗaya a gindin itace na rabin sa'a ko fiye. Farar shadda mai sheƙi da ƙarar waya sun isa su tashi fadama guda. Cikin mota ma maɓoya ce mai kyau, domin tsuntsayen bakin hanya sun fi sakewa da mota a kan mutum a tsaye.

Inda hoton ke zuwa

A ƙarshen 2015 aka ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarƙashin APLORI, wanda ya dogara da 'yan sa-kai. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye da tara a kwance. Ɗan sa-kai kan shafe aƙalla sa'a biyu a cikin gida ɗaya yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, ta manhajar BirdLasser. Idan ya ce ya ga tsuntsun da ba a saba gani a yankin ba, hoto ne ke raba gardama. Akwai kuma manhajoji irin su eBird da iNaturalist da ke karɓar hotuna daga ko'ina a duniya, da Merlin mai taimakawa wajen gane sunan tsuntsu.

Waya takan adana rana da lokaci a cikin hoton, har da wurin idan an kunna mata. Tura hoto ta WhatsApp ko ɗora shi a Facebook yakan rage ingancinsa ya kuma goge waɗannan bayanai, saboda haka ana ajiye na asali daban. Ƙara wa hoto launin da tsuntsun ba shi da shi, don ya burge masu kallo, yana kashe amfaninsa a matsayin shaida.

Akwai wani abin da littattafan Turawa ba za su bayar ba, wato sunan tsuntsu da Hausa. Masunta da makiyaya da maharba sun san sunayen da ɗan birni bai taɓa ji ba, kuma sunan kan bambanta tsakanin Sakkwato da Katsina da Haɗejiya. Nuna wa dattijon masunci hoto a waya, a rubuta sunan da ya faɗa da garin da aka ji shi, aiki ne da ba ya cin ko sisi, ga shi kuma masu irin wannan sani suna raguwa.

Abubuwan kiyayewa

Hoto na iya cutar da abin da aka ɗauka. Matsawa kusa da sheƙa kan sa uwa ta tashi ta bar ƙwai ko 'ya'ya a rana, hankaka da shirwa kuma suna kallo. Haska filasha a idon mujiya ko yautai da dare na rikita su. Mafi haɗari shi ne bayyana ainihin wurin da ungulu ko gauraka ke sheƙa a shafukan sada zumunta, domin masu kama su ma suna da waya. Shi ya sa eBird da iNaturalist ke ɓoye takamaiman wurin da aka ga wasu nau'o'in da ake farauta. Sayen tsuntsu a keji don a ɗauke shi hoto, ko da da niyyar sakinsa ne, ƙarfafa wa mai tarko gwiwa ne ya koma daji.

Ta fuskar tsaron kai, doguwar kyamara da tabaron hangen nesa na iya jawo zargi a kusa da bariki ko shingen bincike ko madatsar ruwa, musamman a yankunan da suka sha fama da rikici. Wuraren da ke ƙarƙashin hukumar gandun daji, irin su Dagona, ana shiga ne da izini tare da ma'aikacin wurin. A ƙauye kuwa, ana fara kai gaisuwa ga mai gari ko bulama a faɗi abin da ya kawo mutum, shi kuma yakan haɗa baƙo da wanda ya san hanyar ruwa. Ba a ɗaukar mata a bakin rafi ko masunta a bakin aiki sai da yardarsu. Amfani da jirgi maras matuƙi don ɗaukar hoto daga sama yana buƙatar izinin hukumomin sufurin jiragen sama da na tsaro, kuma ƙararsa kaɗai kan tarwatsa garken tsuntsayen da suka sauka hutawa.