Tarihin SUNU Assurances: yadda kamfanin ya bunƙasa

Masu mota da babur da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sun san sunan SUNU a kan takardar inshora, wadda muke ce ma asirans. To daga ina kamfanin ya taso?

Wani ɗan Senegal, Pathé Dione, ne ya kafa shi a shekara ta 1998, bayan ya yi aiki da kamfanin AXA na Faransa. A harshen Wolof, "sunu" na nufin "namu".

Dabararsa ita ce sayen rassan da manyan kamfanonin Turai ke saki a Afirka. A nan Nijar, UGAN na cikin kamfanonin da suka shiga hannunsa. A 2015 aka haɗe rassan ƙarƙashin suna guda. A 2019 ya saye rassan Allianz na Benin, Burkina Faso, Mali da Togo. Ya kuma shiga harkar banki a Togo da Senegal.

Pathé Dione ya rasu a watan Janairun 2023, ya bar kamfanin yana aiki a ƙasashe fiye da 15 na Afirka.