Toronto Raptors a Kakar 2018/2019: Cinikin da Ya Kai Kofi Kanada

A daren Alhamis, 13 ga Yunin 2019, a birnin Oakland na Amurka, ƙungiyar Toronto Raptors ta doke Golden State Warriors da maki 114 da 110, ta ɗauki kofin NBA, gasar ƙwallon kwando mafi girma a duniya. A Yamai da Garwa da Kano kuwa, ana dab da asubahin Juma'a aka busa tashi. Wannan ne karon farko da kofin ya tsallake iyakar Amurka, ya kuma tafi Kanada, ƙasar James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro wasan a 1891.

Abu biyu aka fi tunawa da su a wannan kaka: kasadar da shugaban ƙungiyar ya yi ta musanya ɗan gida da baƙo, da kuma wata ƙwallo da ta yi tsalle huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa. Duka biyun sun faru. Sai dai wanda ya bi tarihin daga tushe zai ga cewa shekara biyar aka yi ana tara abin da aka yi wannan ciniki da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Raptors ta fara buga gasar a 1995, tare da wata ƙungiyar Kanada, Vancouver Grizzlies, wadda ta yi ƙaura zuwa Memphis a 2001. Daga nan Toronto ta zama ita kaɗai ce a wajen Amurka, kuma ta yi suna a matsayin garin da taurari ba sa zama. Tracy McGrady ya tafi a 2000, Vince Carter ya nemi a sallame shi aka sallame shi a 2004, Chris Bosh ya koma Miami a 2010. Saboda haka magoya baya suka riƙi DeMar DeRozan hannu bibbiyu. Ƙungiyar ta ɗauke shi a 2009, kuma da kwantiraginsa ya ƙare a 2016, bai zauna da wata ƙungiya ba, ya sabunta na shekara biyar, duk da cewa shi ɗan yankin Los Angeles ne. Har yau babu wanda ya kai shi ci wa Raptors maki.

Mutumin da zai rabu da shi daga baya, Masai Ujiri, an haife shi a Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa likita 'yar Kenya. A Zariya ya tashi, a can kuma ya fara jefa ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13. Ya buga wasa a Turai ba tare da ya yi fice ba, sannan ya shiga NBA ta ƙofar da ba kowa ke so ba: farautar sababbin 'yan wasa ga Orlando Magic, ba albashi. A 2013, yana Denver, aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi, a shekarar ce kuma Toronto ta damƙa masa ragama.

A ƙarƙashinsa ƙungiyar ta riƙa kai wa wasannin fidda gwani kowace shekara. Ga wanda bai saba da tsarin ba, kowace ƙungiya tana buga wasa 82 a kaka, sannan takwas daga Gabas da takwas daga Yamma su shiga fidda gwani, inda ƙungiyoyi biyu ke karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu. A nan Toronto take cin tuntuɓe, kuma daga 2016 dutse ɗaya ne: Cleveland ta LeBron James. Ta fitar da su a 2016, ta sake a 2017 da ci huɗu ba ko ɗaya. A kakar 2017/2018 Raptors ta ci wasa 59, ta zo ta ɗaya a Gabas, aka ce bana kam sai su. Cleveland ta sake yi musu huɗu ba ko ɗaya.

A watan Mayun 2018 Ujiri ya sallami koci Dwane Casey, wanda makonni kaɗan bayan haka aka ba shi kyautar gwarzon kocin shekara. Aka ɗaga mataimakinsa Nick Nurse, mutumin da ya daɗe yana horarwa a Ingila da ƙaramar gasar Amurka, amma bai taɓa jan ragamar ƙungiyar NBA ba. Sai ranar 18 ga Yuli aka ji babban labari: Ujiri da janar manajansa Bobby Webster sun miƙa DeRozan da Jakob Poeltl da damar zaɓen sabon ɗan wasa ɗaya ga San Antonio Spurs, sun karɓi Kawhi Leonard da Danny Green.

A dubi abin da suka karɓa. Leonard gwani ne, shi ne gwarzon wasan ƙarshe na 2014, sau biyu kuma ana zaɓensa gwarzon mai tsaron baya. Amma wasa 9 kawai ya buga a kakar da ta gabata saboda ciwon cinya, ya ɓata da ƙungiyarsa, shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa, kuma rahotanni sun yi ta cewa Los Angeles yake son komawa. Ke nan an ba da wanda ya zaɓi zama, an karɓi wanda ake kyautata zaton zai tafi. DeRozan ya fito fili ya nuna ɓacin ransa, yana ganin an ba shi tabbacin ba za a sayar da shi ba. Ujiri ya ba da haƙuri a gaban 'yan jarida kan rashin fahimtar da aka samu. Kyle Lowry, aminin DeRozan kuma ginshiƙin ƙungiyar, ya yi watanni dangantakarsa da shugaban a tsuke.

To, mene ne ya ba Ujiri ƙarfin halin wannan kasada? Amsar tana cikin ƙananan cinikayyar da ba a yi musu ganga ba. A 2013 ya miƙa Andrea Bargnani ga New York, cikin abin da ya karɓa har da damar zaɓe wadda a 2016 ta zama Poeltl, shi ne kuma aka haɗa da DeRozan aka sayo Leonard. A 2015 ya miƙa Greivis Vasquez ga Milwaukee, ya samu Norman Powell da wata damar da ta zama OG Anunoby, haifaffen Landan ɗan asalin Najeriya. A shekarar kuma aka kafa Raptors 905, ƙaramar ƙungiya a garin Mississauga kusa da Toronto, domin renon matasa. A 2017 ya kawo Serge Ibaka, haifaffen Brazzaville. Fred VanVleet kuwa, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2016, Toronto ta tsince shi.

Mafi armashi a cikinsu shi ne Pascal Siakam. An haife shi a Duwala a 1994, ya yi karatu a makarantar horar da limaman coci a Bafia, kuma sai da ya kusa shekara 18 ya rungumi ƙwallon kwando gadan-gadan, bayan ya halarci sansanin horo na ɗan ƙasarsu Luc Mbah a Moute. Yana jami'a a New Mexico mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota a 2014, matsalar biza ta hana shi zuwa jana'iza. Toronto ta zaɓe shi na 27 a 2016, ta tura shi Raptors 905, inda shi da VanVleet suka ɗauki kofin ƙaramar gasar a 2017. A kakar da muke magana, makin da yake ci a kowane wasa ya tashi daga 7.3 zuwa 16.9, aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi samun cigaba.

Waɗannan yara ne suka sa ƙungiyar ta iya lallaɓa Leonard. Likitocinta suka tsara masa hutu, ba ya buga wasa biyu a kwana biyu a jere, domin a tanadi ƙafarsa zuwa lokacin da ake bukata. Ya buga wasa 60 cikin 82. A wasa 22 da ba ya nan, Raptors ta ci 17. Da ba ta da masu riƙe gida, da ko dai ta gajiyar da shi, ko ta zube a teburi. A watan Fabrairun 2019 aka ƙara Marc Gasol daga Memphis, aka ba da Jonas Valanciunas da Delon Wright da C.J. Miles. Kaka ta ƙare Toronto tana da nasara 58, ta biyu a Gabas bayan Milwaukee mai 60.

A zagayen farko Orlando ta ci wasan farko a Toronto, magoya baya suka ce ga halin nan ya dawo. Raptors ta cinye huɗun da suka biyo baya. Zagaye na biyu da Philadelphia ne ya kusa rusa komai. Aka kai wasa na bakwai ranar 12 ga Mayu, maki 90 da 90, saura daƙiƙa 4.2. Gasol ya miƙa wa Leonard, ya ja ƙwallo zuwa kusurwar dama, Joel Embiid, ɗan Yawunde mai tsayin sama da mita biyu, yana biye da shi. Ya jefa ta sama da hannun Embiid, ƙararrawa ta kaɗa, ƙwallo ta daki ƙarfen kwando sau huɗu, ta faɗa. Ba a taɓa rufe wasa na bakwai da jifan ƙararrawa irin wannan ba a tarihin gasar. Embiid ya fashe da kuka, Gasol ya rungume shi yana rarrashi. A Kamaru daren ya zo da daɗi da ɗaci, domin ɗansu ɗaya ya wuce, ɗaya ya fita.

Milwaukee ta Giannis Antetokounmpo, haifaffen Girka da iyayensa suka fito daga Najeriya, ta ci wasa biyun farko. Nurse ya ɗora wa Leonard tsaron Giannis, sauran kuma su toshe masa hanyar kwando. Wasa na uku sai da aka yi ƙarin lokaci sau biyu kafin Toronto ta ci 118 da 112. VanVleet, wanda hannunsa ya yi sanyi tun farkon fidda gwani, aka haifa masa ɗa a tsakanin wasannin, ya dawo ya jefa ƙwallon nesa mai maki uku sau 17 a wasa ukun ƙarshe, 14 suka shiga. Ranar 25 ga Mayu Toronto ta ci na huɗu a jere, ta kai wasan ƙarshe karon farko.

Golden State ta ɗauki kofi a 2015 da 2017 da 2018, wannan kuma zuwanta na biyar a jere. A wasan farko, 30 ga Mayu, Siakam ya ci maki 32, jifa 14 cikin 17. Warriors ta rama na biyu, Toronto ta je Oakland ta cinye na uku da na huɗu, Ibaka ya ci 20 a na huɗun. Warriors ta tsira a na biyar da maki ɗaya, 106 da 105. A na shida Lowry ya ci makin ƙungiyarsa 11 na farko shi kaɗai, ya gama da 26, Siakam 26, Leonard 22, VanVleet 22. Aka ba Leonard gwarzon wasan ƙarshe. Maki 732 ya tara a wasa 24 na fidda gwani, kuma a lokacin Michael Jordan da LeBron James ne kaɗai suka taɓa wuce haka.

Masu cewa sa'a ce suna da hujja. LeBron ya koma Los Angeles Lakers a 2018, ya bar Gabas. Kevin Durant bai buga wasa huɗun farko ba, ya dawo a na biyar jijiyar agararsa ta tsinke. Klay Thompson ya ji mummunan rauni a gwiwa a na shida, ya fita daga wasan yana da maki 30. Da ƙwallon nan ta faɗo waje, wataƙila da yau ana kiran cinikin Leonard wauta. Amma ƙofar nan ta buɗe wa Milwaukee da Philadelphia da Boston kamar yadda ta buɗe wa Toronto, kuma Toronto ce ta shiga, da 'yan wasan da babu ko ɗaya a cikinsu da aka zaɓa cikin 14 na farko a shekarar shigarsa gasar. Leonard na 15 ne, Lowry da Ibaka kowanne na 24, Gasol na 48.

Daren nasarar bai wuce lami lafiya ga Ujiri ba. Yana ƙoƙarin shiga fili ya yi murna da 'yan wasansa, wani jami'in tsaro ya tare shi, daga baya ya kai shi ƙara cewa ya ture shi. A watan Agustan 2020 hoton kamarar da ke jikin jami'in ya fito, ya nuna jami'in ne ya fara ture shi yana ƙoƙarin zaro katin shaidarsa. A Fabrairun 2021 aka janye ƙarar.

Leonard bai zauna ba. Bai yi wata guda da ɗaga kofi ba ya koma Los Angeles Clippers, Green kuma ya tafi Lakers. Abin da aka ji tsoro ya tabbata. A kakar da ta biyo baya, wadda annobar korona ta gajarta, Raptors ba Leonard ta ci wasa 53 cikin 72, ta sake zuwa ta biyu a Gabas, aka ba Nurse gwarzon koci, Siakam ya shiga jerin taurarin gasar. Sai dai Boston ta fitar da su a zagaye na biyu, a wasa na bakwai. Wannan kakar ce ta nuna girman kowane ɓangare: ginin shekara biyar yana iya kai ƙungiya kusa, Leonard ne ya ƙarasa da ita.

Saura maganar DeRozan, wadda kofi bai goge ba. Ya ba garin shekara tara, ya zauna lokacin da wasu suka gudu, kuma da shi aka biya kuɗin nasarar da bai ɗanɗana ba. Da ya dawo Toronto cikin rigar San Antonio a Fabrairun 2019, jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa. Wata huɗu bayan haka, ranar 17 ga Yuni, su ɗin dai suka cika titunan birnin suna tarbar kofin da aka samu ta hanyar rabuwa da shi.