Tarihin Hasken Da Ido Ba Ya Gani

Wannan makon za mu bi sawun wani haske da ido ba ya gani, mu ga abin da ya sa ƙera fitilarsa ke ba masana wuya har yau.

A shekarar 1800, a Ingila, William Herschel ya bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu zuwa launukan bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gota ja, inda ba a ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Nan aka gane akwai haske a bayan ja. Ɓangarensa da ke maƙwabtaka da ja yana ratsa fata da tsoka fiye da hasken da muke gani. Shi ya sa na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna iskar oksijin a jini take aiki da shi tare da jan haske.

Fitilun irin wannan na'ura masu tauri ne. Burin masana shi ne siririyar fitila mai lanƙwasuwa, wadda za a manna a jiki kamar filasta. Fasahar da ke iya ba da wannan ita ce OLED, wadda muka sani a gilashin wasu wayoyi: sinadarai masu tushen kabon da ke haskawa idan lantarki ya ratsa su.

A 1963, Martin Pope da abokan aikinsa a Amurka sun sa irin wannan sinadari ya yi haske, amma sai da ɗaruruwan bolt na lantarki. A 1987, Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka shimfiɗa sinadarai biyu sirara, ɗaya bisa ɗaya, suka samu haske da ƙasa da bolt 10. A 1998, Stephen Forrest da Mark Thompson suka kawo sinadari mai ƙarfen filatinam, wanda ya buɗe hanyar cin moriyar kusan dukkan kuzarin, maimakon kashi 25 cikin ɗari.

Launukan da muke gani sun samu, amma na bayan ja ya ƙi. Robert Englman da Joshua Jortner sun bayyana dalilin tun 1970: kuzarin wannan haske kaɗan ne, don haka girgizar ƙwayoyin sinadarin kan shanye shi ya koma zafi kafin ya fito. Iya nisan da aka yi daga ja, iya yawan asarar.

A 2017, masana a Taiwan, cikinsu har da Yun Chi, suka jera ƙwayoyi masu filatinam daf da juna domin su raba kuzarin tsakaninsu, girgizar ta rage ɓarna. Fitilarsu ta ba da haske mai zangon nanomita 740, da ingancin kashi 24 cikin ɗari. Sai dai filatinam na da tsada, kuma da an doshi nanomita 1000 ingancin kan faɗi warwas.

Duk wanda zai rubuta labarin kimiyya a cikinmu, ya fara gano abin da ya hana ruwa gudu, domin jerin sunaye da shekaru kaɗai ba ya riƙe mai karatu. Wace kalma kuke ganin ta fi "hasken bayan ja" dacewa? Muna sauraronku.