Jeremiah Gyang da Hausar da Ba a Gada Ba

Yau ina so mu waiwayi tarihin wani mawaƙi, Jeremiah Gyang. Mu da muka daɗe a Ingila muka dawo muka zauna a Lafia, mun san yadda harshe ke zama wa mutum gida ko da ba a cikinsa aka yanke masa cibiya ba, shi ya sa labarinsa ya tsaya mini a rai.

An haife shi a Jos ranar 13 ga Oktoba, 1981. Ɗan Birom ne, mahaifinsa malamin coci ne kuma mawaƙi, don haka tun yana ƙarami hannunsa ke kan fiyano da jita. A lokacin Lafia da Jos jiha ɗaya suke, domin sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 gwamnatin Abacha ta cire Nasarawa daga Filato. Kenan in mutumin Lafia ya kira shi ɗan gida bai yi ƙarya ba.

Salon da ya ɗauka shi ne wanda ake kira R&B, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka mai taushi da jan murya. Manyan wannan salo da dama a coci suka koyi waƙa. Sam Cooke da Aretha Franklin duk 'ya'yan malaman coci ne, shi ma Jeremiah ta wannan ƙofa ya shigo. Ya koma Abuja yana kiɗa yana haɗa wa wasu sauti a sutudiyo, har ya fitar da “Na Ba Ka” a 2004 tare da Six Foot Plus. Waƙar miƙa kai ce ga Ubangiji, kuma ta zagaye gidajen rediyon ƙasar nan har Legas, inda yawancin masu binta ba su san me take cewa ba.

To amma mai karatu, dubi shekarar da kyau. A Satumbar 2001 aka yi rikicin Jos. A Mayun 2004 aka zubar da jini a Yelwan Shendam, har Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato ya dakatar da Gwamna Dariye. A wancan lokaci kalmar “Bahaushe” ta zama sunan ɓangare guda a faɗan. Sai ga ɗan Birom, Kirista, ya ɗauki Hausa ya yi addu'a da ita a gaban duniya, bai nemi iznin kowa ba. A ganina wannan ya fi daɗin muryarsa muhimmanci, duk da cewa muryar ma ba baya ba ce.

Ba shi ya fara ba, kar a ce na yi son kai. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Bala Miller ya riga shi aura wa Hausa kayan kiɗan zamani. Abin da Jeremiah ya ƙara shi ne sautin da matasan lokacinsa ke ji a wurin Boyz II Men, alhali waƙoƙin finafinan Kano sun karkata Indiya.

Shi ne mawaƙi na farko da kamfanin Chocolate City na su Audu Maikori ya ɗauka. Bayansa M.I da Jesse Jagz da Ice Prince suka shigo, duk 'yan Jos, suka yi sunan da ya zarce nasa, da Turanci da burokin. Shi kuwa ya fitar da The Love Album, wanda a ciki ya yi waƙa da Asa, ya kuma rabu da kamfanin, aka rage jin ɗuriyarsa a rediyon Legas. Kasuwa ta bi rawa, shi kuma ba mawaƙin rawa ba ne.

Wasu 'yan uwa daga Kano kan ce Hausar tasa ta 'yan Jos ce, ba ta nuna ba. Ni dai dariya nake yi. Su zo kasuwar Lafia su ji da wane harshe Eggon ke cinikin doya da Alago, ko Tibi da Gwandara. Garin da Barebari suka kafa ne, amma da irin wannan Hausar ake ciniki, da ita ake wa'azin Juma'a a ƙofar masallaci, da ita kuma ake rera waƙa ranar Lahadi.